Will, going to ko I'm visiting: yadda ake faɗin shirin gobe da Turanci

“Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin rubuta jarrabawar IELTS, ta gwajin ƙwarewa a Turanci, nan da wata uku. Tun muna firamare abin da aka koya mana shi ne, in za a yi maganar abin da bai zo ba sai a sa will ko shall. To rannan malamar da ke yi mana gwajin magana ta tambaye ni abin da na shirya yi a ƙarshen mako, na ce mata: I will visit my sister on Saturday, I will cook, I will read. Sai ta ce ba kuskure na yi ba, amma Bature ba haka zai faɗa ba, wai in ce I'm visiting ko I'm going to visit. Ni kuma abin ya ɗaure mini kai, domin a sanina visiting abin da ake cikin yi ne yanzu. Don Allah Malam mene ne bambancinsu, kuma yaushe ake amfani da kowanne?”

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. In na fahimce ki da kyau, abu biyu ne ke damun ki. Na farko, me ya sa will kaɗai ba ta wadatar ba, alhali ita aka ba mu a makaranta. Na biyu, ta yaya kalmar da ke nuna aikin da ake tsakiyar yi za ta koma tana maganar ranar Asabar da ba ta zo ba. Malamarku ta faɗa miki gaskiya, kuma na ji daɗin da ta fara da cewa ba kuskure kika yi ba. Duk wanda ya ji ki zai gane nufinki. Abin da ya rage shi ne dacewa, wato zaɓen siffar da ta yi daidai da halin da shirin naki yake ciki.

Tushen rikicin

Aikatau a Turanci siffa biyu kawai yake sauyawa don nuna lokaci: ta yanzu da ta abin da ya shuɗe. Ana cewa walk da walked, ana cewa go da went. Babu siffa ta uku da ake liƙa wa aikatau don ya nuna gobe. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun san je parle da je parlerai, inda ƙarshen kalmar da kansa yake gaya maka cewa maganar ta gaba ce. Turanci ba shi da wannan. Saboda haka da masu harshen suka buƙaci maganar gobe, sai suka yi ta aron kalmomin da suke da wani aiki nasu na daban, kuma kowace kalma ta taho da ƙamshin aikinta na asali.

Will ta fito ne daga tsohuwar kalmar Ingilishi willan, mai ma'anar so ko nufi. Har yau wannan ma'ana tana nan a cikin willing, mai yarda da yin abu, da kuma will da ake kiran wasiyya da ita, wato abin da mamaci ya so a yi da dukiyarsa. Shall kuwa asalinta maganar bashi ce da wajibi, abin da ya hau kan mutum. Going to tafiya ce zalla, daga baya ta zama hanyar faɗin niyya.

A nan nake so ki tsaya ki dubi harshenki, domin Hausa ta bi wannan hanyar sak. In na tare ki a ƙofar gida na ce “Ina za ki?” sai ki ce “Za ni asibiti.” Wannan za ɗin tafiya ce. Ita ce kuma muke ji a cikin zan, za ki, za mu, za su. Wato mu ma da kalmar tafiya muka gina lokacinmu na gaba, kamar yadda Bature ya yi da going to. Bayan wannan muna da lokaci na gaba na biyu, wanda ake jan wasalinsa, irin na “ma gani”, “kya ji”, “sa zo ne”. Ke kin san wanda ya ce miki “zan zo” da wanda ya ce “na zo in hali ya yi” ba nauyi ɗaya suka ɗora wa kansu ba. Sannan muna cewa “Jibi muna tafiya Zariya”, da muna ɗin lokaci mai ci, wato na aikin da ake cikin yi, alhali ko jaka ba a haɗa ba tukuna. Ba wanda ya taɓa ce miki wannan jimla ta karye. To abin da ya ɗaure miki kai a I'm visiting, kullum kina yin sa da Hausa ba tare da kin lura ba.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, Bature ba nisan lokaci yake aunawa ba in zai zaɓi siffa. Tambaya biyu yake amsawa a ransa: yaushe na yanke wannan shawara, kuma me na riga na ƙulla a kanta? In kin riƙe waɗannan biyun, sauran bayani sauƙi ne.

Will: shawarar da aka yanke nan take

Ki ɗauka kina bakin aiki da dare. Abokiyar aikinki ta leƙo ta ce ƙarin ruwan mara lafiyar gado na huɗu ya ƙare. Kafin ta faɗa ba ki da wani shiri a kan wannan. Kina ji sai kika miƙe kika ce “I'll change it.” A daidai lokacin da maganar ke fita daga bakinki kika yanke shawarar. Nan ne gidan will. Da Hausa ma sau da yawa ba “zan canza” muke cewa a irin wannan wuri ba, “bari in canza” muke cewa, kuma na ga wannan “bari in” yana taimaka wa ɗalibai ƙwarai. Duk inda bakinki ya so cewa “bari in ɗauko”, “bari in kira shi”, to I'll get it ne, I'll call him ne.

Daga nan sauran ayyukanta suke rassa. Tayin taimako, kamar “I'll carry that for you.” Alƙawari, kamar “I'll pay you back on Friday” ko “I won't tell anyone.” Sai hasashe, abin da kike gani a ranki zai faru ba don wata alama da ke gabanki ba, kuma galibi yana tafe da I think ko probably ko I'm sure: “I think she'll pass.” Akwai kuma abin da zai auku ko an so ko ba a so ba, wanda ba shirin kowa ba ne: “My son will be five in March.”

Korewar will tana da wani abu da ya kamata ma'aikaciyar jinya ta sani. Won't ba “ba zai” kawai take nufi ba, sau da yawa “ya ƙi” take nufi. In kika ce “The patient won't take his medicine”, likita zai fahimci cewa mara lafiya ya ƙi shan magani, yanzu ma ana fama da shi. Har abin da ba shi da rai ana yi masa haka: “The car won't start”, daidai da yadda muke cewa mota ta ƙi tashi. Tsohuwar ma'anar so ce ta leƙo a nan. Shi ya sa in an gayyace ki biki kika amsa da “I won't come”, mai gayyatar zai iya jin kamar ƙi kika yi da gangan, ko da ke uzuri ne da ke.

Yanzu ki sake duba amsar da kika ba malamarku. An tambaye ki abin da kika shirya, kika jera will sau uku. A kunnen mai harshen, kamar a gabanta kike ƙirƙiro shirin, ko kuma kina ɗaukar mata alƙawari cewa lallai za ki yi girki. Wannan ne abin da ta ji ya ɗan kauce.

Going to: niyyar da ta riga maganar

In shawarar ta kwana a ranki kafin a tambaye ki, going to ce ta dace. “I'm going to study midwifery”, kin daɗe da ƙudurta karatun ungozoma, ko da ba ki cike takarda ko ɗaya ba. “We're going to paint the house before Sallah”, kun yi magana da maigida kun tsaya a kai, saura a kira mai fenti.

Akwai wata 'yar dabara da nake yi a ajin yamma na manya, inda nake da teloli da direbobi da ma'aikatan ofis. Sai in shigo riƙe da bokiti da tsumma ba tare da na ce komai ba. Dole wani ya tambaya. Sai in ce “I'm going to clean the board.” Bokitin da ke hannuna shaida ne cewa tun daga waje na zo da niyyata. Ina cikin gogewa sai in saki tsumman ya faɗi, in tsaya ina kallon su. Wata rana wani tela dattijo da ke zama a layin gaba ya yunƙura ya ce “I am going to pick it”, sai na kusa da shi ya dafa hannunsa ya ce masa da Hausa, “Alhaji, da niyyar ɗaukar tsumma ka baro gida?” Ajin ya fashe da dariya, shi ma ya yi dariya ya gyara da kansa: “I'll pick it up.” Tun daga ranar ban sake jin ya haɗa su ba. Bayanin da na yi mako biyu ina yi, tambayar maƙwabcinsa ta gama shi a numfashi ɗaya.

Going to tana da aiki na biyu, hasashen da ke da alama a gaban ido. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta fara kaɗa ƙura, sai ki ce “It's going to rain.” Mai rakiyar mara lafiya ya ga jini, fuskarsa ta sauya, ƙafafunsa na rawa: “He's going to faint.” Mace mai ciki wata takwas: “She's going to have a baby.” A duk waɗannan, abin ya riga ya kamo hanya, ƙarshensa kawai ake jira. In kika sa will a wurin mutumin da ke shirin suma, gaggawar ta tafi, kin koma mai ba da ra'ayi.

Za ki riƙa jin gonna a bakin Amurkawa da 'yan Ingila duka. Going to ce aka haɗiye a saurin magana. Ki gane ta in kin ji, amma kada ki rubuta ta a jarrabawa ko a wasiƙar aiki. Kuma ki lura, ba a haɗiye ta in tafiya ta gaske ake nufi: ba a cewa I'm gonna Kaduna. Sai kuma was going to, wadda ke faɗin niyyar da ba ta cika ba: “I was going to call you, but my battery died.” Da Hausa “da zan kira ki” ke nan.

I'm visiting: an sa rana

Wannan ce ainihin tambayarki, kuma misalin da ya fi zama a kan mutanenmu shi ne na aure. Saurayin da ya ce “I'm going to get married” niyya yake faɗa. Mai yiwuwa ma bai tura magabatansa ba. Wanda ya ce “I'm getting married in December” kuwa an kai kuɗi, an sa rana, dangi sun sani, ana ta ɗinki. Maganar ta fita daga zuciyarsa ta shiga hannun wasu. Abin da siffar lokaci mai ci take nunawa ke nan in aka yi maganar gaba da ita: shiri ne da aka ƙulla da wani, aka tsayar da rana ko wuri, aka sayi tikiti, aka karɓi katin ganin likita. Dalilin da ya sa aka yi amfani da siffar yanzu kuwa shi ne, shirin yana nan a ƙulle yanzu, aiwatarwa ce kawai ta rage.

To in kin riga kin kira 'yar'uwarki, ta san kina tafe ranar Asabar, har ta ce za ta ajiye miki abinci, “I'm visiting my sister on Saturday” ita ce magana. In kuwa a ranki kawai kika ƙudurta, ba ki sanar da ita ba, “I'm going to visit my sister” ta fi dacewa.

Abin da ke hana a rikita ta da aikin da ake cikin yi shi ne kalmar lokaci, ko kuma zancen da ya gabata. “I'm working” kaɗai, ina aiki yanzu. “I'm working on Saturday”, sunana na cikin jadawalin ranar Asabar. Kuma wannan jimlar ta biyu ita ce hanyar ladabi ta ba da uzuri in an gayyace ki: “Sorry, I can't, I'm working on Saturday.” Kin nuna cewa abin ya riga ya ɗaure ki, ba ƙi kika yi ba. Haka nan in Bature ya ce miki “What are you doing on Saturday?” sau da yawa share fagen gayyata yake yi, yana so ya ji ko ranar a sake take.

Wannan siffa tana da iyaka biyu. Ba a amfani da ita ga abin da ɗan Adam ba ya shiryawa, don haka ba a cewa It's raining tomorrow, tunda ba wanda ya ƙulla alƙawari da ruwan sama. Kuma aikatau masu nuna hali ko sani, irin su know da like da believe, ba sa karɓar ta. “I'll know the result on Monday” ake cewa.

Bari in ɗan ratse kan wata jimla da ke jawo rashin fahimta. Mu a nan in mutum zai fita ya dawo sai ya ce “I'm coming”, yana fassara “ina zuwa”. Tsakaninmu kowa ya gane, kuma ba ni da ja a kan Turancin da muka saba da shi a gida. Amma in kika faɗa wa mara lafiya Bature haka alhali kin juya masa baya kin nufi ƙofa, zai yi mamaki, domin a wurinsa I'm coming na nufin ga ni nan tafe wurinka. Abin da zai gane shi ne “I'll be right back” ko “I'll be back in a minute.” Kin ga will ce ta dawo, saboda ƙaramin alƙawari ne kika ɗauka nan take.

Jadawali, da abin da ke biyo bayan when da if

In hukuma ko makaranta ko kamfani ne ya tsara lokacin, ba ke ba, sai a yi amfani da siffar yanzu zalla: “My shift starts at eight tomorrow”, “The plane leaves at six”, “The exam begins on the tenth.” Wannan ba ta da wahala.

Wadda ta fi jawo asarar maki a rubutu ita ce ƙa'idar when, if, before, after, until da as soon as. Bayan waɗannan kalmomi ba a sa will, ko da maganar ta gobe ce. “I'll call you when I arrive” ake cewa, ba when I will arrive ba. “If it rains, we'll stay at home.” A nan ma Hausa tana gefenki. Muna cewa “in na isa zan kira ki”, ba ma cewa “in zan isa zan kira ki”. Za ɗaya ce a jimlar, tana ɓangaren sakamako. Ki bi wannan tsarin a Turanci, will ɗaya a ɓangaren sakamako, siffar yanzu a ɓangaren sharaɗi. Sai dai in when ɗin tambaya ce aka sakaya a cikin jimla, to will tana shiga: “I don't know when he will arrive”, kamar yadda mu ma muke cewa ban san yaushe zai iso ba. In kin yi shakka, ki juya jimlar zuwa Hausa, inda za ta fito will ma tana iya fitowa.

Akwai wasu siffofi biyu da ke ƙara wa magana kyau. Will be tare da aikatau mai ing tana nuna abin da za ki kasance kina cikin yi a wani lokaci: “This time next week I'll be sitting the exam.” Tana kuma tausasa tambaya. “Will you come to the meeting?” tana iya zama kamar roƙo ko matsi, amma “Will you be coming to the meeting?” neman sani ne kawai, shi ya sa ake yawan jin ta a ofis da otal. Will have kuma tana nuna abin da zai riga ya kammala kafin wani lokaci: “By December I'll have finished my course.” Sai about to, wato gab da: “The doctor is about to start the ward round.”

Ina aka bar shall?

Da yawanmu an koya mana cewa I da we suna ɗaukar shall, sauran wakilan suna kuma will, sannan a juya su in ana son nuna ƙuduri. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, ana danganta ta da John Wallis, masanin lissafi na Oxford wanda ya wallafa nahawun Turanci da harshen Latin a 1653. Ta zauna a littattafan makaranta ɗaruruwan shekaru, ta iso mana ta hannun malaman zamanin mulkin mallaka, amma ko a cikin masu harshen ba kowa ya bi ta ba. Mutanen Scotland da Ireland da Amurka ba su riƙe ta ba. Da Janar Douglas MacArthur na sojan Amurka ya bar Filifin a 1942 ya ce “I shall return”, duniya ƙuduri ta ji a maganar, alhali bisa waccan ƙa'ida will ya kamata ya ce in ƙuduri yake nufi. Haka “we shall fight on the beaches” da Firaminista Winston Churchill ya faɗa a majalisar dokokin Birtaniya ranar 4 ga Yuni 1940.

A maganar yau da kullum shall ta tsira ne a wuri ɗaya, tambayar tayi ko neman shawara da I ko we, musamman a Ingila: “Shall I open the window?”, in buɗe taga? “Shall we start?”, mu fara? Wannan kam ki koye ta, za ta yi miki amfani a gefen gadon mara lafiya. Ɗaya wurin shi ne harshen doka, inda take nufin wajibi, ma'anarta ta asali. Sashe na 1 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce tanade-tanadensa “shall have binding force” a kan dukkan hukumomi da mutane. Ba labarin gobe yake bayarwa ba, dole yake ɗorawa. In ba a waɗannan wurare biyu ba, ki bar shall ta huta.

Shirin da bai nuna ba

Ba kowane shiri ne ya kai matsayin niyya tsayayya ba, kuma a nan ne nake ganin ɗalibanmu sun fi talaucin kalmomi, ba don ba su san su ba sai don ba a saba musu da su ba. “I'm thinking of applying” tunani ne kawai. “I'm hoping to travel next year” fata ne. “I'm planning to” da “I intend to” sun fi ƙarfi, ta biyun ta fi zama a rubutu. “I might” kuma mai yiwuwa ne. Ki kula da ginin: thinking of applying, da ing, amma hoping to apply da planning to apply.

Ɗalibai sukan tambaye ni yadda za su yi da in sha Allah, domin bakin Musulmi ba ya sakewa ya faɗi shirin gobe ba tare da ita ba. Ba abin da ya hana ki faɗe ta. God willing Turanci ne tsayayye, kuma akwai all being well da hopefully. Ba sa sauya nahawun jimlar: “I'm visiting my sister on Saturday, God willing.” Siffar ta nuna an ƙulla shirin, ƙarshen jimlar ya mayar da al'amarin ga mai shi.

Amsarki, in aka sake ɗinka ta

Da ni ne ke a gaban malamar, ga yadda zan faɗa: “I'm visiting my sister on Saturday. We're going to cook together, and I'll probably stay the night. On Sunday I'm hoping to do some reading before my shift starts at eight.” Ki duba abin da kowace gaɓa ta ɗauka. Ziyarar an ƙulla ta. Girkin niyya ce. Kwanan hasashe ne, shi ya sa probably ta raka will. Karatun fata ne. Aikin kuma jadawali ne, ga shi kuma ya biyo bayan before. Jimla uku, siffa biyar, kuma ba wadda aka cusa don ado, kowacce gaskiyar halin shirin ta faɗa.

Wannan yana da nauyi a jarrabawar da za ki shiga. Gwajin magana na IELTS minti 11 zuwa 14 ne, kashi uku, kuma ɗaya daga cikin ma'aunai huɗu da ake ba da maki a kansu shi ne yalwar nahawu tare da daidaitonsa. Mai jera will daga farko har ƙarshe bai yi kuskure ba, amma bai nuna yalwa ba. Sai dai ina gargaɗin ki da kishiyar wannan. Na ga ɗaliban da suka haddace will have been suka riƙa neman inda za su jefa ta, maganarsu ta koma kamar karatun allo. Mai gwaji yana gane haddar da ba ta dace da tambaya ba.

Dole kuma in faɗa miki iyakar wannan bayani nawa. Layukan da na ja tsakanin siffofin nan sun fi kaifi a kan allo fiye da yadda suke a bakin masu harshen. Tsakanin “I'm visiting” da “I'm going to visit” sau da yawa tazarar ba ta kai a tsaya a kanta ba, mutum ɗaya zai faɗi wannan da safe ya faɗi waccan da yamma a kan ziyara ɗaya. A hasashe ma “It will be hot tomorrow” da “It's going to be hot tomorrow” duk ana jin su. Rubutu na hukuma ya fi karkata ga will ko da shirin ya daɗe da ƙulluwa, shi ya sa takardar gayyatar taro za ta ce “The meeting will hold”, a Turancinmu na nan, ko “The meeting will be held”, wadda ita ce za ki rubuta a jarrabawa. Wurin da bambancin yake da kaifi sosai, wanda in kin kauce kunne zai ji, uku ne: shawarar nan take, alamar da ke gaban ido, da bayan when da if. Sannan ni ta rubutu kawai na san ki, ban ji maganarki ba. Malamar da ke sauraron ki ta fi ni sanin inda harshenki ke tuntuɓe, don haka in ta gyara miki wani abu da ya saɓa wa nawa a kan wata jimla, ki tambaye ta halin da ta ɗauka jimlar tana ciki.

Ga aikin da nake ba ɗalibaina, ke ma ki gwada shi cikin wata ukun nan. Duk daren Juma'a ki ɗauki wayarki ki naɗi muryarki na minti ɗaya kina faɗin abin da ke gabanki a mako mai zuwa. Kafin ki fara, ki rubuta abubuwan da Hausa a takarda, ki sa wa kowanne alama: an sa rana, niyya ce, fata ne, ko jadawali ne. Sai ki yi maganar ba tare da kallon takardar ba. Washegari ki saurara ki ƙirga will nawa kika faɗa, ki tambayi kowacce ko a lokacin kika yanke shawarar. Wadda ba ta amsa ba, ki sauya ta ki sake naɗa, sannan ki kai wa malamarku naɗin na biyu ta saurara.